Sunan Rumen A Ƙofar Gida

Wandon ne ya fara ɓata wa Donka Chakarova rai. Shekara talatin da huɗu ta yi tana duba ɗinki a kamfanin tufafi na garinmu Kazanlak, duk wandon da ya zo gabanta da zare ɗaya a sake sai ta cilla wa mai shi, ko da 'yar ƙanwarta ce ta ɗinka. Yau ga shi ta sha tafiyar kusan awa guda a bas zuwa Stara Zagora, ta hau bene hawa uku da gwiwa mai ciwo, don kawai ta zauna gaban wata yarinya da gwiwoyinta duka biyu ke leƙen duniya ta cikin yagaggen wando.

"Faɗuwa kika yi?" in ji Donka, ko jaka ba ta ajiye ba.

Yarinyar ta dubi gwiwarta, ta yi dariya. "A haka na saye shi, Madam Chakarova. Ga kujera. Sunana Desislava, amma Desi kowa ke ce mini."

"A haka kika saye shi," Donka ta maimaita. "Kuma mai shagon yana nan yana yawo a gari, ba a kama shi ba."

Ta ɗosana a bakin kujera, jaka a kan cinya, ta ƙare wa ɗakin kallo. Babu farar riga, babu tebur a tsakaninsu, babu ko abin awon jini. Kujeru biyu ne, da tukwanen shuke-shuke, da kwalin takardar share hanci da aka ajiye daidai hannun baƙo, kamar an riga an yanke cewa kuka za a yi. Ita kuwa Desi ba ta wuce talatin da biyu ba, ga zanen wani tsuntsu a damtsenta, ga ƙatuwar gorar ruwa a gefen ƙafarta, sai ka ce an yi sanarwar za a ɗauke ruwan famfo.

"To, Likita, rubuta mini maganin in kama hanya. Bas ɗin sha biyu ba ya jiran kowa."

"Ni ba likita ba ce, ba na rubuta magani. Magana muke yi a nan. Minti hamsin, duk Talata."

"Magana? In don magana ce ai ina da maƙwabciya."

"Kina gaya mata komai?"

Abin da maƙwabciyarta Ginka ta sani shi ne ta zo Stara Zagora gashin gwiwa.

Ba da son ranta ta zo ba. Tun shigowar kaka ƙirjinta ke ɗaurewa, kamar an zagaya mata bel an ja. Likitan zuciya ya duba, ya sake dubawa, ya ce wannan zuciyar sai ta kai ta casa'in. 'Yarta Zornitsa da ke aure a Plovdiv ita ta nemo wannan yarinya a waya, ta ce ko ta je da ƙafarta ko ta zo ta ɗauke ta. Mu kuwa tsarar su Donka, in abu ya dame mu lambu muke shiga mu yi ta sara har hannu ya yi kanta. Zuwa wurin masu duba damuwa, a ganinmu, sai wanda ya fara tuɓe riga a kasuwa.

Talata uku Donka tana kawo rahoto kamar mai miƙa aiki a ƙarshen yini: gwiwa, sanyi, karen Ginka da ke tona mata albasa. Duk abin da ta faɗa sai Desi ta ce, "Yaya kika ji a lokacin?" Ita kuma ta ce, "Yadda ake ji mana." Mu dai an tambaye mu ko mun ci abinci, an tambaye mu ko mun rufe ƙofa, amma ba a taɓa tambayarmu yadda muka ji ba, don haka ba mu tanadi amsa ba. Ta kawo wa yarinyar banitsa mai zafi, wato burodin nan namu mai falle-falle, da ta gasa da cuku, a naɗe a tsumma, don ta ga kamar ba ta cin abinci. Desi ta yi godiya har sau biyu, sannan ta ce ƙa'idar aikinta ba ta karɓar kyauta. Donka ta koma da abinta gida tana huci. Abin da ya fi damunta ma shi ne shirun yarinyar. Desi ta iya yin shiru ta zuba maka ido, ba fushi ba murmushi, har sai ka ji in ba ka ce wani abu ba ɗakin zai faɗo maka.

A irin wannan shirun ne, ranar Talata ta huɗu, abin ya suɓuce.

"'Ya'yanki nawa?" Desi ta tambaya.

"Zornitsa." Agogon bango ya yi ta bugawa. "Da wani."

"Wani?"

"Rumen. Yana Jamus yana tuƙa tirela. Shi ne babba."

A wajenmu mamaci ba ya barin ƙofar gidansa da wuri. Ana buga takarda da hotonsa da sunansa a manna a ƙyaure, a manna a bishiyar bakin layi, da allon coci, da allon tashar bas. A sake bugawa ranar arba'in, da wata uku, da wata shida, da wata tara, da shekara, haka har zuwa shekara uku, wadda ita ce babbar addu'a ta ƙarshe. A ƙasan hoton akwai 'yan kalmomin kewa, sannan sunayen masu makoki. Kada wani ya ruɗe ka cewa don addu'a mutane ke tsayawa su karanta. Fuskar suke fara kallo, sai ido ya gangara ƙasa ya ga wa ke ciki, wa babu.

Dobri mijin Donka, makanikin jirgin ƙasa, ya rasu a watan Fabrairu bayan wata biyar yana fama da ciwon daji a huhu. Washegari aka binne shi, yadda muka saba. Rumen yana can arewacin Jamus da kaya a mota, sai bayan kwana biyu ya iso. A bakin ƙyaure ya tsaya, maƙwabta na kallo, ya ɗaga murya: "Duk sati sai na tambaye ki, ki ce mura ce! Ke kika hana ni ganin ubana!" Da arba'in ta matso ta je shagon Bai Mincho, wato dattijo Mincho, mai buga takardu, ta tsaya a kansa tana faɗa yana rubutawa: matarsa Donka, 'yarsa Zornitsa, surukinsa, jikokinsa. Bai Mincho ya ɗago kai yana jiran saura. Ta ce shi ke nan. Ranar arba'in Rumen ya sauka daga bas da furanni a hannu, ya karanta takardar a allon tasha, ya ajiye furannin a ƙarƙashin allon, ya koma cikin bas ɗin da ya kawo shi. Tun daga ranar ba ta ƙara jin muryarsa ba.

Yanzu ga Fabrairu ta uku tana tahowa. Takarda ɗaya ta rage. In aka buga ta babu sunansa, to an rufe littafin ke nan, duk Kazanlak ta shaida cewa Dobri ya tafi bai bar ɗa namiji ba. Donka ta san haka, ƙirjinta ma ya sani.

"Kina da takardun?" in ji Desi da ta gama ji.

"Wa zai zubar da su?"

"Ki zo mini da su."

Ta kawo su a cikin wani tsohon fayil na kamfani, guda shida, ko lanƙwasa babu. Ta zaci yarinyar za ta karɓa ta duba, sai Desi ta ce ita za ta karanta mata, a fili, ɗaya bayan ɗaya. Donka ta ga shirme ne, amma ta sa tabarau ta karanta, da muryar da take kiran sunayen masu kuskure a kamfani. Da ta gama ta shida ta rufe fayil.

"Na lura da wani abu," in ji Desi. "In faɗa?"

"Ai ban hana ki ba."

"Duk takardar da kika karanta, in kin ce 'matarsa Donka' sai ki tsaya ki ja numfashi, sannan ki ce ''yarsa Zornitsa'. Sau shida."

"Tsufa ne. Numfashi nake."

"A wuri ɗaya?"

Donka ta cire tabarau ta shiga goge shi da bakin riga, ta goge, ta goge. Wurin sunan babban ɗa ne wannan, kowa ya sani. Shekara uku ta hana tawada ta rubuta shi, ashe bakinta yana bar masa wurinsa ba ta sani ba. Ta ji kunya kamar an kama ta da hannu a tukunya, kuma kunyar ce ta ɓalle mata baki.

"Dobri ne ya ce kada in faɗa masa," ta ce. "A barandar asibiti, ranar da aka gaya mana. Ya riƙe mini wuyan hannu ya ce, 'Yaron nan bai daɗe da samun aiki ba. In kika gaya masa, a bakin titi zai ajiye mota ya taho. Ki rantse.' Na rantse."

"Rumen ya san haka?"

"In ce masa me? Ubanka ne ya sa? Mutum yana kwance a ƙasa in ɗora masa laifi? Ba a yi wa mamaci haka."

Desi ta matso gaba a kujerarta, idonta na ƙyalli irin na wanda ya gano bakin zare. "Wato kin kare wanda ya mutu, kin hukunta wanda ke raye."

Ai kuwa kamar ta watsa mata ruwan zafi. Donka ta miƙe tsaye, gwiwar ma ta manta da ita.

"Ke! Kin taɓa wanke gawa? Kin taɓa juya namiji mai kilo tamanin a kan gado wata biyar ke kaɗai? Rigar sanyin nan da ke jikina ta girme ki. Kin karanta littafi biyu kin zo kina yanke mini hukunci da gwiwa a waje!"

Ta fice, ta bugo ƙofa har tukunyar shuka ta girgiza.

Talata biyu ba ta je ba. Ta wanke labulen gidan kaf, ta kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofarta har ta haɗa da ta Ginka, bel ɗin ƙirjin nan kuwa sai ƙara matsewa yake. Saƙo ɗaya tak ya shigo wayarta daga Desi: "Kujerarki tana nan ranar Talata. In ba ki zo ba ma babu laifi." Donka ta yi tsaki. Amma a fushin da ta yi ta baro fayil ɗinta a can, kuma ba za ta bar hoton mijinta a hannun baƙuwa ba. Abin da ta gaya wa kanta ke nan a cikin bas, har sau uku.

Da ta shiga, fayil ɗin yana kan kujerarta. Ta miƙa hannu za ta ɗauka, sai Desi ta ce, "Madam Chakarova, kafin komai ina so in ba ki haƙuri. Kin ɗauki abu shekara uku, kin sauke shi a gabana, ni kuma na yanke masa hukunci a minti ɗaya. Na yi gaggawa, kuma ba hurumina ba ne. Ki yafe mini."

Donka ta tsaya tana jiran "amma". Duk haƙurin da ta taɓa ji a duniya da "amma" yake zuwa, a rataye a bayansa kamar jela. Ta jira, ta jira, ba ta zo ba. Shekararta sittin da takwas, likita bai taɓa ba ta haƙuri ba, shugaban aiki bai taɓa ba, uwarta bare a yi magana, Dobri kuwa in ya yi laifi famfo yake gyarawa ko da lafiyarsa ƙalau. Ta dubi yarinyar sama da ƙasa yadda take duban ɗinki, tana neman inda abin ya yage ta. Babu. Tana nan zaune daidai tsawonta, ba ta ragu da komai ba.

"Shi ke nan?" in ji Donka.

"Shi ke nan."

"Ba ki ji kunya ba?"

"Na ji mana. Sati uku ina ji. Har wurin wadda nake zuwa na kai maganar."

"Au, ke ma zuwa kike yi?"

"Duk Alhamis."

"Ita kuma wurin wa take zuwa? Ashe layi ne, kowa riƙe da rigar na gabansa." Donka ta zauna, wannan karon har bayanta ya taɓa jikin kujera. Ta daɗe tana kallon fayil ɗin a cinyarta. "Gaskiya kika faɗa," ta ce can. "Da ƙarya ce da ban bugo miki ƙofa ba."

Ranar ta yi kuka. Desi ta turo kwalin takardar nan kusa da ita, Donka ta kawar da shi, ta zaro hankicinta da ta goge da dutsen guga. Kuka dai za ta yi, amma ba a takardar mutane ba.

Bayan sabuwar shekara ta shigo ɗakin da ƙarfinta, ko rigar sanyi ba ta cire ba. "Na yanke shawara. Zan sa sunansa. A manna a tasha, a manna a coci, kafin rana ta yi tsaka 'yar Ginka ta ɗauki hoto ta aika masa. Ba sai na ce komai ba."

"Na ji daɗin wannan ƙwarai," in ji Desi. "Zan yi tambaya ɗaya, in na wuce gona da iri ki tsayar da ni. Kin tambaye shi?"

"In tambaye shi me? Ubansa ne fa!"

Desi ta yi shirun nan nata. Donka ta harare ta, ta harari tsuntsun damtsenta, ta harari gorar ruwa. 'Yan zamanin nan komai sai an nemi izini, an ce har jariri suke tambaya kafin su ɗauke shi. Ɗan da ka haifa, ka yi masa alheri, sai ka fara cike takardar neman yarda? Amma shirun ya ƙi ƙarewa, kuma a cikinsa ta ji lissafin yana haɗa kansa.

"Da aka ɓoye masa ciwon, ba a tambaye shi ba," ta ce a hankali. "Da na cire sunan, ban tambaye shi ba." Ta sauke numfashi. "In ya ce a'a fa?"

"Zai iya cewa a'a."

"To mene ne amfaninki?"

"Ko me ya ce, ina nan ranar Talata."

Bai Mincho ya buga mata gwaji guda ɗaya, da sunan Rumen a inda ya kamata, ya miƙa mata yana tari. Desi ta koya mata yadda ake ɗaukar hoto ba tare da babban yatsa ya rufe rabi ba, da yadda ake buɗa hoto da yatsu biyu ya ƙara girma. Da aka zo kan kalmomi kuwa Donka ta ce ta matsa, ɗanta ne. Da yatsa ɗaya ta rubuta, ta ci rabin lokacinsu:

"Rumen, uwarka ce. Babanka ne ya sa na rantse kada in gaya maka, ni kuma na bi. Da na sani da na gaya maka. Sunanka ni na cire, ba wanda ya sa ni. Na yi kuskure, ka yafe mini. Ga takardar shekara uku. In sa sunanka?"

Bayan "ka yafe mini" yatsanta ya riga ya rubuta "amma kai ma". Ta tsaya ta dube shi, ta dubi Desi da ke kallon taga, ta goge shi harafi bayan harafi. Sannan ta rufe ido ta danna.

Kafin ta isa tasha wayar ta nuna ya gani. Daga nan kuma shiru. Kwana ɗaya, kwana uku, sati. Donka ta riƙa yawo da waya a aljihun rigar girki, ta kai ta banɗaki, ta kai ta coci, ta sa Ginka ta kira ta don ta tabbata ba lalacewa ta yi ba. Tsoro take ji, irin wanda ba ta ji ba ko a barandar asibiti, domin can ta san abin da ke tafe.

"Shirun nan ashe duk tsararku kun iya shi," ta ce wa Desi. "A makaranta aka koya muku?"

"A gida muka koya," in ji Desi.

Donka ta yi dariyar da ba ta shirya ba.

Bai Mincho ya ce in ana so a manna kafin addu'a, to ranar Juma'a zai buga, da suna ko babu suna. Ranar Alhamis da hantsi Donka tana zaune a kicin tana tsince alkamar da za a dafa ta sadaka, wayar ta yi ƙara a aljihunta. Sai da ta goge hannu ta sa tabarau.

"Ki sa. Rumen, Yoana da Dobrina."

Yoana dai Donka ta santa, ita ce yarinyar da Rumen ke zaune tare da ita tun kafin rasuwar. Dobrina fa? Ta karanta sau biyu. A wajenmu jika sunan kakansa yake ɗauka, wannan ba sai an yi wa kowa bayani ba. Tiren alkama ya zame daga cinyarta ya watse a ƙasa, ba ta ko duba ba. Ta kira Plovdiv.

"Zornitsa, wace ce Dobrina?"

"Mama, Rumen ne ya sa na rantse."

"Shekararta nawa?"

"Biyu da wata huɗu. Mama... ranar arba'in ɗin nan da ya juya a tasha, albishir ɗin cikin ya zo yi miki."

Fushi ya taso wa Donka. "Shekara biyu! Duk sati sai na tambaye ki ko akwai labari, ki ce mini..." Sai ta ji muryar da ke fita daga bakinta, ta gane ta. A bakin ƙyaurenta ta taɓa jin ta, maƙwabta na kallo. Ta dafa tebur.

"Mama? Kina ji na?"

"Ina ji," in ji Donka. "Ashe haka abin yake."

Ranar Asabar da safe ita da kanta ta fita da robar gam da buroshi. Ta manna a ƙyaure, ta shafe kumfar iska da gefen hannu har takardar ta kwanta lif. Ginka ta fito da mayafi a ka, ta dubi fuskar Dobri na daƙiƙa ɗaya saboda ladabi, sannan idonta ya gangara ƙasa.

"Dobrina kuma?"

"Jikata," in ji Donka, ta ɗauki robar gam ta nufi tasha.

Rumen bai zo addu'ar ba. Ya rubuto cewa ba a ba shi hutu ba, wataƙila sai bikin Ista, za su gani. Da can "za mu gani" ta isa ta sa Donka ta kwana uku tana faɗa. Wannan karon ta rubuta masa "To", ta ƙara da wata tambaya a ƙasa.

Talatar da ta biyo ta hau benen nan hawa uku da ƙaramin kofi a hannu, cike da dafaffiyar alkama da sukari da kirfa. Ta miƙa wa Desi tana kallon cikin idonta, ta ga ko akwai ƙa'idar da za ta hana. Babu ɗan ƙasar nan da zai mayar da alkamar mamaci, ko littafi nawa ya karanta. Desi ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Allah ya jiƙansa," ta ci cokali guda, ta ci na biyu.

"Kirfa ta yi yawa?"

"Irin ta kakata ce sak."

"To kakarki ta iya girki. Wando ne dai ba ta koya miki ba."

Ta ciro sabuwar takardar daga fayil, ba a ce ta karanta ba ta karanta. "Matarsa Donka, ɗansa Rumen, 'yarsa Zornitsa." Tiryan-tiryan, ba numfashi a tsakani. Ta wuce surukai, ta shiga jikoki, sai da ta zo sunan ƙarshe ta tsaya.

"Kin tsaya," in ji Desi.

"Na sani. Ban san awonta ba, shi ya sa. Ina da wani yadi ja mai ɗigo-ɗigo tun na kamfani, to yaya zan yanka ban san daga kafaɗa zuwa gwiwa ba? Na tambaye shi. Jiya ya aiko da wannan."

Ta miƙa wayar. Wata 'yar yarinya ce tsaye a jikin ƙofa da safa a ƙafa, ta turo ciki gaba, ta ɓata fuska don an hana ta motsi. A gefenta wani hannun namiji ya riƙe awon ƙarfe irin na magina. Fuskarsa ba ta fito ba.

"Dubi yadda ya riƙe awon, a karkace," in ji Donka. "Da a kamfani ne da na mayar masa."

Ta karɓi wayar, ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton yadda aka koya mata. Desi ta zaci kan lambobin awon za ta je, ko fuskar yarinyar. Donka ta wuce su duka, ta tsaya a kan hannun, ta ƙara buɗawa har babban yatsan ya cika wayar. Abin da ta gani na ɗanta ke nan a shekara uku. Akwai wani farin tabo a gindin farcen.

"Almakashina ne wannan," ta ce. "Yana shekara shida. Na ce kada ya taɓa." Ta shafa gilashin wayar da yatsa, sannan ta ɗago ta nemi agogon bango, tabarau ya yi raɓa ba ta gani sosai. "Saura minti nawa?"

"Ashirin."

"To ajiye gorar nan ki saurara, in ba ki labarin."